Takardar koke zuwa ga Magajin Garin Luserna da Shugaban Lardin Trento kan yaren Cimbro

Masu girma, ranku ya daɗe, muna gaisuwa da fatan alheri.

Mu Hausawa ne ƴan ci-rani da ke aiki a Trentino, wato Lardin Trento a arewacin Italiya, wasunmu a otel-otel na garin Lavarone kusa da Luserna wasu a gonaki da wajen shanu, mun rubuta wannan da Hausa ne don ƴan uwa su karanta su sa hannu kafin a miƙa ta Italiyanci. Wani zai ce ina ruwan baƙo da Cimbro, yaren mutanen kan dutse na Luserna da ke neman ɓacewa, to ruwanmu ne fa, don mun san zafin abin a cikin gidajenmu, ka yi wa ɗanka magana da Hausa ya amsa maka da Italiyanci.

Ni da na rubuta na yi shekara biyu ina kai wa wata tsohuwa itace da cefane a Luserna, su suna ce wa garin Lusérn. Ran nan jikarta ta zo daga Trento, tsohuwar tana zaune tana saƙar leshi da ƴan sandunan nan nasu, ta yi mata magana da yarensu har sau uku, yarinyar sai murmushi take tana kallon uwarta a fassara mata. Tsohuwar ba ta ce komai ba ta ci gaba da saƙa, amma wallahi na ga hannunta yana rawa. Yaren nan da kansu suke kiransa azpe biar, wai irin namu, to in jika ba ta ji ba irin na wa ya zama kenan?

Kakannin masu yaren daga Bavariya ta Jamus suka gangaro kusan shekara dubu da ta wuce, har littafin koyon addini an buga da yaren tun 1602. A Giazza ta wajen Verona da Roana ta tudun Asiago yanzu sai tsiraru ke iya shi, Luserna ce kaɗai ake jin shi a bakin hanya, ita ma mutanenta ba su kai 300 ba. A 1915 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe su aka kai su Bohemiya, a ƙasar Czech ta yanzu, suka dawo suka tarar da kufai suka sake gini, yaren bai mutu ba, sai yanzu da ake zaman lafiya?

Mun san akwai doka mai lamba 482 ta 1999 da ke kare yarukan tsiraru a Italiya, akwai cibiyar al'adu ta Kulturinstitut Lusérn, akwai labaran talabijin na Zimbar Earde da ake yi da yaren, ba mu raina ba, Allah ya saka. Amma tun da aka rufe firamaren garin yara suke zuwa Lavarone, kuma matasa suna sauka birni don ba aiki. Roƙonmu a gyara gidajen da ke rufe a ba sababbin ma'aurata haya mai sauƙi, a ƙara motar haya zuwa Trento yadda mutum zai je aiki ya dawo ya kwana a garinsu, a ƙara awannin yaren a makaranta. Sannan don Allah a tura matasa da rikoda su zauna da tsofaffin nan tun suna da rai, ba sai baɗi ba, tsohuwar da na faɗa ta haura 85.

Mu ma in za a buɗe aji na yamma don baƙi akwai waɗanda suka ce za su zauna, ni ne na farko.

Naku cikin girmamawa,
Hausawa mazauna Trentino da suka sa hannu a ƙasa