Wasiƙa daga Manila

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da su Baba da Inna da amarya. Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya, sai dai ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Ka tuna gardamar da muka sha yi a ƙofar gidanku, kana cewa aron kalmomi zai kashe Hausa? Tun da na fara tsintar Tagalog, wanda a kansa aka gina harshen ƙasa na Filifin, kullum kai nake tunawa.

Akwai wata dattijuwa da nake sayen kifi a wurinta. Idan tana ƙirga kifin sai ta ce isa, dalawa, tatlo, da harshen kakanninta. Da an zo kuɗi sai ta koma singkuwenta, wato hamsin da Sifaniyanci. Na tambaye ta lokaci ta ce alas-singko, ƙarfe biyar. Lambar waya kuwa da Turanci take karantowa. Harsuna uku a ciniki ɗaya, kuma ko a jikinta. Nan take na tuna da ashirin da talatin da hamsin ɗinmu, waɗanda Larabci ya ba mu har muka manta da hauya da gomiya uku.

Sifaniyawa sun mulki tsibiran nan daga 1565 zuwa 1898, sama da shekara ɗari uku, kuma sun bar sawunsu har cikin ɗakin girki: mesa tebur, silya kujera, kutsara cokali, bintana taga. Gaisuwar 'yan Filifin ma, kumusta, daga Sifaniyanci ta samo asali. Amma ga abin da ya fi burge ni. A Sifaniyanci seguro na nufin tabbas, su kuwa siguro a bakinsu tana nufin wataƙila. Siempre kullum ce a can, a nan siyempre na nufin "ai dole". Sun karɓi kalmar, sun tanƙwara ta yadda suke so, mai ita ma in ya zo sai ya nemi tafinta.

Wasu kalmomin ba daga Turai suka zo ba. Tsawon shekara 250 jiragen ruwa na zirga-zirga tsakanin Manila da Akafulko ta ƙasar Meziko, har zuwa 1815, su suka kawo kamote, wato dankali, da sunansa na harshen Aztek, mutanen Meziko na da. Fataken Sin kuma suka bar pansit, taliyarsu, da kuya da ate, yadda ake kiran yaya namiji da mace. Sai Amurka da ta karɓi mulki a 1898 ta cika makarantu da Turanci.

Ranar da jikina ya yi sanyi kuwa ita ce ranar da na gane salamat, godiyarsu, 'yar'uwar salamarmu ce. Alƙali kuma hukom suke ce masa, tushensa ɗaya da hukunci. Mu Larabci ya iso mana a bayan raƙumi ta Sahara, su kuwa ta teku, a bakin 'yan kasuwa da malaman Malay, tun kafin Sifaniyawa su san hanya. Mafi yawan 'yan Filifin Kiristoci ne, amma kowace safiya da wannan kalmar suke yi wa juna godiya.

Ban ce ba su yi asara ba. Tsohon rubutunsu, baybayin, wanda aka buga littafi da shi a 1593, yau kaɗan ne ke iya karanta shi, kuma na ga yara a Manila da Turanci ya fi zama a bakinsu. Wannan kam ya dame ni, don na san irinsa a gida. To amma dattijuwar nan ba ta cikinsu.

Ka rubuto mini amsarka, na san ba za ka rasa ta cewa ba. A gaida mutanen majalisa.

Naka,
Abokinka na Manila