Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 da Batun Ranar Babban Taro

Assalamu alaikum iyayenmu alhazai da hajiyoyi, malamai, yayye da ƙanne.

Wannan rahoto ya fito ne daga ofishin sakataren ƙungiyarmu da ke Kumasi, ƙasar Gana, a madadin shugaba da kwamitin gudanarwa. Lissafin kuɗi da rahoton odita, wato mai binciken lissafi, suna haɗe da shi, don haka ba zan jero alƙaluma a nan ba. Wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba, ya riƙe tambayarsa zuwa ranar taro, ma'aji na nan.

Shekarar ta gwada mu tun cikin azumi. Gobarar da ta tashi a Adum, unguwar kasuwanci a tsakiyar Kumasi, ranar 21 ga Maris ta lashe shaguna da dama, ciki har da na wasu 'yan uwanmu da suka cika rumfa da kayan Sallah, wasu ma da kuɗin bashi. Kwamiti ya zauna a daren, ya juya kuɗin da aka ware wa buɗa-baki zuwa gare su, kuma matanmu na unguwannin Aboabo da Asawase suka bi gida-gida suka ƙaro gudummawa ta Momo, wato tura kuɗi ta waya. Abin da aka tara bai mayar wa kowa jarinsa ba, amma ya biya kuɗin haya, ya sa tukunya ta hau wuta ranar Sallah. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Adashi ya zagaya ba tare da tangarɗa ba. Mun halarci jana'iza da suna da ɗaurin aure gwargwadon iko. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti bana shi ne ƙorafin da ya biyo bayan babban taron bara, wanda muka yi a hutun tunawa da Kwame Nkrumah cikin watan Satumba. Ɗaya daga cikin alhazanmu, mai sayo yadi da turare daga Indiya, ya rubuto cewa taron bai halatta ba, domin abokin cinikinsa na can ya tabbatar masa dokar kamfanoni ta hana babban taron shekara a ranar hutun gwamnati. Maganar ta bazu a kasuwar Kejetia kafin ta iso ofis. Har wasu suka daina biyan kuɗin wata, wai sai an san ko shugabannin da aka zaɓa a ranar shugabanni ne.

Ba mu raina ƙorafin ba, muka kai wa lauya. Ashe Alhaji bai yi ƙarya ba, ƙasa ce kawai ya saɓa. A Indiya, sashe na 166 na tsohuwar dokar kamfanoni ta 1956 ya ce a yi babban taro a lokacin aiki, a ranar da ba ta hutu ba. Dokarsu ta 2013 ta sassauta: sashe na 96 ya ce a kira taron tsakanin ƙarfe 9 na safe da 6 na yamma, a kowace rana in dai ba hutun ƙasa ba ne, wato 26 ga Janairu, 15 ga Agusta da 2 ga Oktoba. Wannan dokar Indiya ce, kamfanonin da suka yi rajista a can take ɗaurewa.

Mu kuwa a Gana muka yi rajista, a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba, kuma abin da ke kanmu shi ne Dokar Kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, wadda ta maye gurbin ta 1963. Lauya ya karanta mana sashe na 157 kalma bayan kalma, babu maganar ranar hutu a cikinsa, haka ma tsarin mulkin ƙungiyarmu. Abin da dokar ta sa wa ido daban ne. A yi taro kowace shekara. Kada tsakanin taro da taro ya wuce wata 15. A ba mambobi sanarwa a rubuce kwana 21 kafin ranar. Kuma lissafin kuɗi da rahoton odita su riga taron fita da kwana 21.

A nan ne gizo ke saƙar, kuma laifin na ofishina ne. Bara sanarwa ta fita kan lokaci, amma lissafin kuɗi a bakin ƙofar zaure muka raba shi, mutane na karɓa suna ninkewa suna fifita da shi. Da Alhaji ya kama mu ta wannan gefe, da ba mu da bakin magana. Lauya ya ba da shawarar a sake gabatar da ƙudurorin bara a gaban taron bana domin a tabbatar da su, kuma mun sa su a sahun farko na ajanda. Ni dai ina yi wa Alhaji godiya: ya nemi allura ya tono mana garma.

Saura zaɓen rana. Ranar aiki ba ta yi mana ba, kowa ya sani ɗan kasuwa ba ya rufe rumfa ranar Laraba don ya zo ya saurari odita. Hajiyoyi da dama sun nemi a yi washegarin ƙaramar Sallah, tunda yanzu gwamnati ta ƙara wannan rana cikin hutu, kuma 'yan uwa na Tamale da Akara suna gida. Shawara ce mai daɗi, sai dai Sallah da wata take tafiya. Sai an ga jinjiri, ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya yi sanarwa, sannan ake sanin ranar, alhali takardar gayyata tana bukatar rana tsayayya mako uku kafin nan. Su ma hutun da ke da kwanan wata ba duka ake dogara da su ba: bana 1 ga Yuli, Ranar Jamhuriya, ta faɗo Talata, aka ɗage hutunta zuwa Juma'a 4 ga wata.

Shi ya sa kwamiti ya tsaya a kan Ranar Manoma, hutun gwamnati na Juma'ar farko ta Disamba, wadda bana ta kama 5 ga wata. Tana cikin wata 15 ɗin da doka ta yanka mana, ko da yake da ƙyar, saboda haka ba ta ɗaguwa. Za a fara bayan an sauko daga masallacin Juma'a, a zauren da muka saba. Wanda tafiya ko rashin lafiya ta hana shi zuwa, doka ta ba shi damar naɗa wakili a rubuce ya jefa ƙuri'a a madadinsa, kuma takardar wakilci tana cikin wannan ambulan.

Bayan taro za mu kai rahoton shekara Ofishin Magatakardan Kamfanoni, wanda ke da ikon soke sunan duk kamfanin da ya daina kaiwa. Ranar taron ofishin a rufe yake, sai mako mai bi mataimakin sakatare zai je. Masu tambaya ko za a raba rarar kuɗin bana, irin rajistarmu ba ta yarda a raba wa mambobi riba ba, rarar tana komawa asusun jinƙai. Waɗanda suka dakatar da kuɗin wata saboda wancan ƙorafi, su ga ma'aji kafin ranar taro, kowa ya zo da katinsa.

Wassalam.
Sakatare, Kumasi