Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kula da rukunin gidajenmu: bututun hayaƙin nan na wane ne?

Zuwa ga Manaja da ma'aikatansa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne mai gidan ƙarshen layi, wanda ya dame ku da waya tun farkon hunturun bara a kan ruwan da ke sauka ta gefen murhun jin ɗumi. Takardata ta Turanci tana ofishinku tuntuni, kun yi kunnen uwar shegu da ita. Shi ya sa na fito fili, kuma da harshena, domin 'yan'uwanmu da ke tara kuɗin sayen kondo (gidan da cikinsa naka ne, amma rufi da sauran ginin rukunin na tarayya ne) a nan jihar Fensilbeniya ta Amurka su san rigimar da ke jiran su a saman rufi.

Abin ya fara ne da ɗan tabo a silin falo, bai fi tafin hannu ba. Maiɗakina ce ta fara gani. Kafin a yi mako uku ya bazu, ya yi launin shayin da ya kwana, fenti ya kumbura yana zubowa a kan dardumar da muke salla. Duk daren da dusar ƙanƙara ta narke, sai mu girke robar wanki a gindin murhu, mu kwana muna jin ɗis, ɗis. Yanzu kusurwar ta yi fumfuna, ƙaramin yaronmu kuwa ba ya rabo da tari.

Da na kira ku, wata baiwar Allah ta ce za a turo mai dubawa. Ba a turo ba. Na sake kira, aka ce maganar tana gaban shugabannin ƙungiyar masu gidaje. Na je taronsu, suka ce ku suke jira ku kawo ƙiyasin kuɗin aiki. Haka aka yi ta yi mini a-je-a-dawo har bazara ta shigo, sannan kuka aiko da layi biyu: wai bututun hayaƙi nawa ne, tunda ni ke hura wuta a ciki, don haka gyara da kuɗin gyara duk a wuyana suke.

To, ina da wata takardar taku da na adana. Shekarar da muka tare, na nemi izinin kafa ɗan faifan tauraron ɗan'adam a jikin wannan bututu don mu riƙa kallon tashoshin gida. Kuka hana. Kuka rubuto cewa rufi da duk ginin bulon da ke kansa kayan tarayya ne, mai gida ba shi da ikon buga ko ƙusa ɗaya, wanda ya hau kuwa zai biya tara. Ban yi musu ba, domin dokar hukumar sadarwa ta Amurka ta 1996 da ta ba mutum damar kafa faifai ta tsaya ne a wurin da yake nasa shi kaɗai, kamar baranda, ba ta kai rufin tarayya ba. Kuna da gaskiya a ranar. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda bulon da ya fi ƙarfin ƙusata ya koma nawa ranar da ya tsage. Wannan baki biyu ne, kuma takardun duka biyu suna ɗauke da tambarinku.

Da na gaji, na ɗauko mai sharar bututu da kuɗina. Dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Bai hau rufi ba sai da na nuna masa izinin da na roƙa a wurinku da ƙyar. Ya zura kyamara ta maƙogwaron bututun, muka tsaya muna kallo a allon hannunsa: tayil ɗin yumɓu na ciki lafiyarsa lau, in ban da 'yar kunkunniya da ya share nan take. Sannan ya kafa tsani ya hau, ya ɗauko hotuna. Hular simintin da ke saman bulon ta dare gida biyu, har ya tura yatsa cikin tsagar. Simintin da ke tsakanin bulo ya zama gari, yana goga shi da babban yatsa yana zuba. Kwanon da ke rufe mahaɗar bututu da rufi ya yi tsatsa, ya ɗaga baki. Ya ce ruwa ne ke shiga ƙaramar tsaga, ya daskare cikin dare ya buɗa ta, ya narke da rana, gobe a maimaita, shekara da shekaru. Wutar da nake hurawa sau biyar ko shida a hunturu ba ita ta yi wannan ɓarna ba.

Ya kuma nuna mini abin da ku ma za ku gani daga wurin ajiye motoci: bakin bututu biyu ne a cikin ginin bulo guda. Ɗaya nawa, ɗaya na tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita.

A nan ne maganarku ta rushe. Dokar kondo ta wannan jiha, wadda aka kafa a 1980, ta ambaci bututun hayaƙi ƙarara a sashe na 3202. Ta ce in takardar kafa rukunin ba ta faɗi wani abu dabam ba, bututun da wani ɓangarensa ke cikin gida wani ke waje ana raba shi ne ta fuskar wanda yake yi wa aiki. Ɓangaren da ke yi wa gida ɗaya aiki kayan tarayya ne da aka keɓe wa wannan gidan. Ɓangaren da ke yi wa gida fiye da ɗaya aiki kayan tarayya ne tsantsa. Sashe na 3307 kuma ya ɗora kula da kayan tarayya da gyaransu a kan ƙungiya, ya bar wa mai gida cikin gidansa. Na karanta takardar kafa rukuninmu daga farko har ƙarshe, da ƙamus a gefe. Ta ce iyakar gidana ita ce fuskar bango da silin ta ciki. Ban ga inda ta ba ni bulo ko kwanon rufi ba. In akwai, ku faɗa mini shafi da layi.

Ba na gudun abin da yake nawa. Na san wanda zai yi gyara dabam, wanda zai biya dabam, domin sashe na 3314 ya yarda a ɗora kuɗin gyaran abin da aka keɓe a kan gidan da aka keɓe wa. Da maƙogwaron bututuna ne ya fashe, da na biya ba tare da ce-ce-ku-ce ba. Murhu nawa ne, ƙofar hayaƙinsa tawa ce, shara tawa ce, kuma ina yin ta kowace shekara kamar yadda ƙa'idar kashe gobara ta NFPA 211 ta nemi a riƙa duba bututu, rasit ɗina na nan a jere. Amma ginin da ya rungumi bututun gida biyu, da hularsa, da kwanon da ya haɗa shi da rufi, waɗannan don su nake biyan kuɗin wata-wata, wanda ban taɓa jinkirtawa ba ko lokacin da aka rage mana aiki.

A garinmu in katangar tsakanin gida biyu ta jiƙe, ba a kai wa damina ta biyu. Maƙwabta su haɗa hannu a yi yaɓe, in an samu saɓani mai unguwa ya zo ya duba indararon wa ke zuba a kanta. Ba takarda, ba lauya. Nan ga takarda shafi tuli, ga kamfani da ake biya musamman don ya karanta ta, amma an rasa mai hawa tsani.

Jinkirin nan kuma ba a silin kaɗai yake tsayawa ba. Mai inshorar cikin gidana ya ce yoyon da ya daɗe yana tsiyaya ba ya cikin abin da suke biya, kuma tushen ruwan yana wajen iyakata. Dattijon ya gargaɗe ni cewa in ɓaraguzan bulo suka faɗa suka toshe bututu, hayaƙi da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, cikin ɗaki za su komo. Ni na daina hura wuta. Maƙwabciyata ba ta daina ba, domin ba wanda ya gaya mata sai ni, ita kuwa cewa ta yi da akwai haɗari da kamfani ya rubuto. Sauran gine-ginen rukunin nan shekara ɗaya aka yi su da namu, da bulo iri ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ga abin da nake nema. Ku turo magini mai lasisi ya gyara hula da bulo da kwano kafin sanyi ya sake shigowa, a biya daga asusun manyan gyare-gyare na ƙungiya, a kuma gyara mini silin da bangon da ruwan tarayya ya ɓata bayan na sanar da ku. Ku rubuta wa maƙwabciyata a makon nan ta dakata da murhunta. Ina kuma son ganin bayanan wannan asusu da rahoton duba rufi na ƙarshe, tunda sashe na 3316 ya ba kowane mai gida damar duba takardun ƙungiya. In aka hana ni, zan bi matakan sasanci da ke akwai, daga nan in kai ƙorafi ofishin kare haƙƙin masu saye da ke ƙarƙashin babban lauyan jiha, kamar yadda gyaran doka na 2018 ya ba da dama a kan ɓoye takardu.

Zan zo taron wata mai zuwa da hotunan rufin, da rasit ɗin shara, da takardunku guda biyu, ta faifai da ta yoyo. Ku zo da takardar kafa rukunin, mu buɗe ta tare a gaban jama'a.

Naku,
Mai gidan ƙarshen layi