Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mini da mikisa a Kano

Assalamu alaikum, Yallaɓai Manaja.

Bayan gaisuwa, na fito da maganar nan bainar jama'a ne saboda na bi ta shagonku, na bi ta waya, amsar dai ɗaya ce: wai kayan da aka fita da shi ba ya dawowa.

Tun kafin a taɓa kwali na faɗa wa yaron shagonku buƙatata. Ina da jita, ina da fedar ƙawata sautinta, ina da makirfo. So nake in riƙa ɗaukar waƙa a ɗakina, jita ta shiga kwamfuta a tirak ɗinta, murya a nata, domin in gyara kowanne ba tare da na taɓa ɗayan ba. Ya ɗauko mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, mai layi takwas da kafar USB, ya ce kowane layi zai fito a kwamfuta daban. A kan wannan maganar na biya.

Ba haka take ba. Mikisar hanya biyu kacal take turawa ta USB, hagu da dama, kuma abin da take turawa shi ne haɗaɗɗen sautin babbar mafita. Duk abin da aka jona mata sai ta dama shi wuri ɗaya kafin ya isa kwamfuta. Wannan yana rubuce a takardar da ke cikin kwalinta. Ita na'urar ba ta da laifi, don a wurin biki ko majalisi za ta yi aikinta daidai. Laifin na wanda ya sayar da ita da sunan abin da ba a ƙera ta dominsa ba ne. Akwai dabarar karkatar da jita gaba ɗaya hagu, murya gaba ɗaya dama, a samu tirak biyu, amma da zarar an yi haka an rasa faɗin sautin fedar, wadda amsa-kuwwarta ke buƙatar ɓangarorin biyu. To me na saya ke nan?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne aikin injiniyan da kuka turo, wanda na biya kuɗin zuwansa daban. Fedar tana da mafita biyu masu ƙarfin layi, wato sautinsu ya fi na makirfo ƙarfi sosai, waɗanda ya kamata su tafi layin sitiriyo na mikisa da wayoyin jak biyu. Shi kuwa sai ya zaro wata waya mai kan XLR ya cusa a kafar makirfo, wadda aka yi don sauti mai rauni ƙwarai. Ko ban taɓa igiyar jita da ƙarfi ba jar fitilar nan take kamawa, sautin ya fito a farfashe. Sannan ya kunna wutar 48V, wadda wasu makirfo ke buƙata kafin su yi aiki, saboda makirfona, alhali a wannan mikisar maɓalli ɗaya ne yake sakar wa dukkan kafofin XLR wutar. Ina tsaye ya bar ta tana bi ta wayar da ke jone da fedata, bai ko duba ko za ta iya ɗauka ba.

Bai tsaya nan ba. Sautin da ke dawowa daga kwamfuta yana da maɓallai biyu, ɗaya ya kai shi hedifon, ɗaya ya zuba shi a babbar mafita. Na biyun ya danna. Tunda babbar mafitar ce ke komawa kwamfuta, duk kiɗan da na ɗauka a baya sai ya sake shiga cikin sabon tirak, in na kunna saurare kuma sifika ta ɓarke da ƙugi. Da na ce masa ina jin tsaiko tsakanin bugun jita da fitowar sauti, sai ya ce laftof ɗina ce ta tsufa. Wani abokin sana'a da ke aiki a situdiyo ne ya duba daga baya, ya tarar an bar ma'ajin sauti, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, a 1024, wanda a 44.1 kHz yake jawo jinkirin kusan milisakan 23 a shiga kaɗai. Ya sa manhajar ASIO4ALL mai sarrafa shige da ficen sauti a kwamfuta, ya sauke ma'ajin zuwa 128, jinkirin ya koma kusan 3. Shi ne kuma ya nuna mini cewa gurnanin da nake ji daga cajar laftof yake, yana zare ta ya ɗauke.

Yallaɓai, galibin masu zuwa wurinku matasa ne da suka daɗe suna tari don su huta da biyan kuɗin situdiyo. Da yawansu ba za su gane an haɗa musu kaya a baibai ba, sai su ɗauka hannunsu ne bai iya ba, su jingine jitar. Wannan ne ya sa ban yi shiru ba.

Ina neman ku karɓi mikisarku, tana nan lafiya da kwalinta da rasiɗinta, ku ba ni na'urar shigar da sauti mai kafa huɗu wadda ke raba kowace kafa a kwamfuta, in da ciko in cika. In ba ku da ita, ku mayar mini da kuɗina haɗe da na injiniyan. Ina kuma roƙon ku zaunar da yaran shago ku koya musu bambancin waɗannan na'urori biyu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya bayyana aikin da yake so ya yi da shi, aka ba shi, ya tarar bai dace ba. Rubutun da kuka buga a ƙasan rasiɗi cewa kaya ba ya dawowa bai soke wannan ba. Idan ban ji daga gare ku ba zuwa ƙarshen watan nan, zan kai ƙorafina gaban FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, tare da rasiɗin da hotunan yadda aka yi haɗin.

Wassalam.

Naku,
Wani makaɗin jita a Kano