Jesin gwanjon ɗan ƙanwata da lig ɗin da ya watse a Amurka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, ya bar mana ku. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, kuma tun da wuri a yi min afuwa domin maganar da na kawo ba ta Firimiya ba ce ba ta Laliga ba, ta wasannin jami'o'in Amurka ce, na san wasu za su ce me ya haɗa mu da wannan, to a ɗan yi haƙuri a karanta zuwa ƙasa.

Abin da ya tayar da maganar hoto ne. Ɗan ƙanwata ya turo min ta WhatsApp, ya sayo jesi a gwanjon Ƙofar Wambai, ruwan lemo da baƙi, lamba ƙatuwa a gaba, a gefen ƙirji kuma wani ɗan bajo da aka ɗinka an rubuta Pac-12. Ya ce Kawu wai wannan wane kulob ne, a Sifen suke ko a Italiya? Na yi dariya har na ƙware. Jesin jami'ar Oregon State ce, ta garin Corvallis inda nake zaune shekaru da dama, filin wasansu ina wuce shi kullum in zan tafi aiki. Amma da na sake zuƙo hoton na kalli ɗan bajon nan sai dariyar ta tsaya, domin lig ɗin da sunansa ke jiki, yadda muka san shi, babu shi yanzu.

Bari in ɗan buɗe wa masu karatu yadda abin yake. A Amurka jami'o'i suna buga ƙwallon zari-ruga irin tasu ta hular kwano, da ƙwallon kwando da sauransu, kuma ba wasan yara ba ne, filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowane yanki da lig ɗinsa, maƙwabci da maƙwabci. Na gaɓar yamma shi ne Pac-12, asalinsa tun 1915 a birnin Portland. Na tsakiyar arewa Big Ten. Na kudu maso gabas SEC. Na gaɓar Atlantika ACC. A da kana jin sunan lig ka san inda yake a taswira, kamar ka ce 'yan Arewa maso Yamma ko 'yan Kudu maso Kudu.

Sai kuɗin talabijin ya shigo. Tushen abin tsoho ne, tun 1984 jami'o'in Oklahoma da Georgia suka yi nasara a kan hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i a Kotun Ƙolin Amurka, aka ƙwace mata ikon sayar da wasannin ga gidajen talabijin ita kaɗai, daga nan kowane lig ya shiga kasuwa da ƙoƙon bararsa. Wanda ya fi masu kallo shi ya fi samu. A 2021 Texas da Oklahoma suka ce sun bar Big 12, wani lig ɗin na tsakiyar ƙasar, sun koma SEC. Ranar 30 ga Yunin 2022 USC da UCLA, duka na Los Angeles, suka ce su ma sun yi gaba zuwa Big Ten, kuma ba a jima ba Big Ten ya sa hannu a kwantiragin kusan dala biliyan 7 na shekara bakwai da Fox da CBS da NBC. Pac-12 ya yi ta yawon neman mai saye, a ƙarshe Apple ya kawo tayin nuna wasannin ta intanet, kuɗin kuma ya danganta da yawan waɗanda suka yi rajista, shugabannin jami'o'in suka kalli juna. Colorado ta fara sulalewa a Yulin 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, rana ɗaya tal, Oregon (wata jami'a ce daban da tamu Oregon State) da Washington suka tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka tafi Big 12. Farkon Satumba Stanford da Cal suka bi ACC. Cikin goma sha biyu saura biyu, mu 'yan Oregon State da Washington State, kamar marayun da aka raba gado aka bar musu kangon gida.

Ranar Juma'ar nan ba zan manta ba. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne, ya haura saba'in, tikitin kakar wasa yake saye tun kafin a haife ni, kullum da hularsa ruwan lemo da ta koɗe har ta koma kalar gwanda. Na dawo daga masallaci na same shi zaune a bakin garejinsa da rediyo a cinya, na gaishe shi bai amsa ba, can sai ya ɗago ya ce min sun sayar da mu. Abin da ya ƙara ƙona masa rai, a daidai lokacin ake ƙarasa gyaran Reser, filin wasan Oregon State, da ya ci sama da dala miliyan 160, an gina rumfa sabuwa fil don manyan baƙi, baƙin kuma sun ce ba sa zuwa. A Nuwamban shekarar Oregon ta lallasa mu 31 da 7, washegari kocinmu Jonathan Smith, wanda tsohon ɗan wasan makarantar ne, ya kama hanyar Michigan State, 'yan wasa suka bi ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu dubi abin dariyar, Edita. Big Ten, wato manya goma, jami'a 18 ke ciki. Big 12 na da 16. ACC mai sunan tekun Atlantika yana da Stanford da Cal waɗanda in suka leƙa taga tekun Pasifik suke gani. Jami'ar SMU ta Dallas ma yarda ta yi ta haƙura da kason kuɗin talabijin na shekara tara don dai a buɗe mata ƙofar ACC, masu kuɗin cikin tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike gurbin. Daga Los Angeles zuwa jami'ar Rutgers a New Jersey kusan kilomita 3,900 ne, ya fi daga Kano zuwa Jidda nisa, ga bambancin agogo na awa uku. 'Yan zari-ruga da sauƙi, wasa ɗaya a mako kuma a jirgin shata. Amma yarinya 'yar shekara 19 mai buga ƙwallon raga fa, wadda ba wanda ya kira ta taro aka tambaye ta, ita ce za ta yi tafiyar da ta fi ta alhazai tsakiyar mako ta dawo ta shiga jarabawa.

To ina maganar riga ta shigo? Ni ɗan tela ne, a Fagge na buɗe ido na ga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a kan keken ɗinki, don haka in na kalli wasa ido na fara zuwa kan ɗinki kafin ƙwallo, wannan ba na iya hana kaina. Kuma maƙwabtanmu na Eugene, jami'ar Oregon masu alamar agwagwa, su ne suka mayar da jesi abin kwalliya a duk Amurka. Phil Knight mai kamfanin Nike ɗalibinsu ne, ya yi tsere a ƙarƙashin koci Bill Bowerman wanda tare suka kafa kamfanin, hedkwatar Nike kuma tana nan Beaverton cikin jihar. Sai ya zama Oregon ce wurin gwajin sabon yadi da sabon yanka. Kalarsu ta asali kore da rawaya, amma yau ka gan su da baƙi wuluk, mako mai zuwa fari fat, wani makon ruwan toka, hular kwano mai sheƙi kamar madubi da fukafukai a gefe, kai ka ce amarya ce a wurin dina, kafin a gama hoto da wannan leshin ta shiga ta sako wani. Kuma maganar gaskiya, duk da ba na son su, dabarar ta yi aiki. Yaro ɗan shekara 17 a Texas ko Florida da bai taɓa jin sunan Eugene ba yana ganin kayan a waya ya ce can za shi. Da riga suka sayi suna, da suna suka samu masu kallo, masu kallon nan kuma su ne tikitinsu na shiga Big Ten.

A ɗaya gefen ga masu riƙon gargajiya. Penn State shuɗiyar riga ba ado, farar hula da layi ɗaya, baƙin takalmi, ko sunan ɗan wasa babu a baya, sun gwada sa suna daga 2012 suka cire a 2015. Alabama ja mai duhu da lamba a gefen hula shi ke nan. Michigan da hularta mai zanen fiffike tun 1938 da koci Fritz Crisler ya zo da ita daga Princeton. Waɗannan su ne irin dattijon da mahaifinmu ke wa ɗinki shekara talatin, aska biyu yake so, zare iri ɗaya, in ka ƙara masa ko ɗigo ɗaya sai ya dawo da rigar. A Disamban 2024 aka haɗu a wasan ƙarshe na Big Ten a Indianapolis, amaryar da dattijon, Oregon da Penn State, amarya ta ci 45 da 37 a shekararta ta farko a gidan.

Da farko na ɗauka na gano bakin zaren, na riƙa ce wa mutane ai wanda ke canza riga duk mako ba zai ji kunyar canza maƙwabta ba. Dattijon maƙwabcina ne ya rushe min hujjar da tambaya ɗaya, ya ce to USC fa? Na yi shiru. USC ja da ruwan zinare suke sawa tun zamanin kakanni, su ma ba suna a bayan riga, ba wanda ya fi su tinƙaho da al'ada, kuma su ne suka fara buɗe ƙofa suka fice. Texas da ruwan lemonta mai duhu da farar hula mai ƙahon sa haka. Oklahoma ta bar wasanta da Oklahoma State da aka shafe sama da shekara 100 ana yi. Ashe masu tsohon ɗinkin ma sun fi tsada a kasuwa, domin mai talabijin abin da yake saye shi ne kalar da mutum zai gani daga nesa yana canza tasha ya tsaya. Rigar da magoya baya ke ɗauka kamar ankon gidansu ita ce hajar da aka sa a faranti.

Wannan shi ne ya fi damuna, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wannan hijirar, a jikin jesin abu ɗaya kawai aka taɓa, ɗan bajon nan na ƙirji da bai kai tafin hannun jariri ba. Tela zai farke shi ya ɗinka wani cikin minti biyar. Sauran rigar tana nan yadda take, don mai kallo ya ji kamar ba abin da ya canza, alhali an canza masa abokan hamayya, an canza lokacin wasa ya dace da talla, an canza garuruwan da zai iya tuƙa mota ya je. Wasan Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka, tun 1947 al'adarsa zakaran yamma da zakaran Big Ten, ranar 1 ga Janairun 2025 Oregon da Ohio State suka buga shi, su biyun bajo iri ɗaya a ƙirji. Ohio State ta ci 41 da 21, kuma Allah ya yafe min, na yi barci mai daɗi a daren.

Ba na ce komai ya lalace ba. 'Yan wasan da aka daɗe ana cin guminsu kyauta yanzu suna samu, tun 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla da sunansu, a Yunin 2025 kuma kotu ta amince da sasancin da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan haƙƙinsu ne. Sai dai kuɗin daga wani wuri zai fito, tun 2024 aka halatta sa tambarin kamfani a kan ciyawar fili, daga ciyawa zuwa ƙirjin riga kuwa taku ɗaya ne, mu da muka saba ganin jesin Turai cike da sunan kamfanin jirgi da na caca mun san inda hanyar ta nufa.

Kuma kar a ce abin bai taɓa shafar namu ba. Hakeem Olajuwon daga Legas ya je jami'ar Houston ya yi suna a farkon shekarun 1980, a lig ɗin Southwest Conference. Lig ɗin ya watse a 1996, manya suka tafi suka bar Houston a baya, sai 2023 ta samu shiga Big 12, kusan shekara 27 tana zaman jira a bakin ƙofa. Yaranmu da ke neman sikolashif ta ƙwallon kwando ko tsere, iyaye su riƙa tambayar wane lig makarantar take da kuma nisan tafiye-tafiyenta, kar a tsaya kallon kyan jesi kawai. Ina roƙon shafinku na wasanni ya riƙa ɗan leƙa wannan ɓangaren ko da sau ɗaya a wata.

Mu marayun biyu mun je kotu mun riƙe sunan lig ɗin da dukiyarsa, an kuma gayyato sababbi, Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Texas State, da Gonzaga wadda ba ta zari-ruga amma gwana ce a kwando. Sunan dai Pac-12, mutanen gidan ne daban. Tsakanin Corvallis da Eugene tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota, tun 1894 muke buga wasa da jami'ar Oregon, yanzu sai an zauna an duba kalanda an nemi gurbi kamar baƙi.

Na nuna wa dattijon hoton ɗan ƙanwata tsaye a ƙofar gidanmu cikin jesin, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni nawa yaron ya saya. Da na juya masa kuɗin zuwa dala sai ya ce in gaya masa zai ninka masa sau goma in zai sayar. Na isar da saƙo. Yaron ya ce a'a Kawu, tunda Bature na so ai ta yi tsada, sai dai a ƙara.

Na gode da fili.

Naku,
Ɗan Fagge mazaunin Corvallis, jihar Oregon, Amurka