A Duba Tazarar Haruffan Hausa A Manhajojin Ƙera Font

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara 11 ke nan ina aikin ɗab'i a Jekadafari, cikin garin Gombe: katin biki, kalandar Islamiyya, fosta, allon shago.

Kwanan baya wata Hajiya ta kawo aikin katin ɗaurin auren ɗiyarta, ta zaɓi wani font, wato salon haruffan bugu, mai ado. Babu ɗ a cikinsa, babu ƙ, babu ɓ. Da yake lasisinsa na OFL ne, wanda ya yarda a yi gyara, sai na buɗe shi a manhajar ƙera haruffa, na kwafi d na yi masa ƙugiya. A fuskar kwamfuta komai lafiya. Da muka buga gwaji da ruwan gwal, sai ga ƙugiyar ɗ ta hau ɗigon i a kalmar "ɗiyarmu", sun cure wuri guda kamar tawada ta zube. Hajiya ta ɗaga katin ta ce, "Malam, wannan kuma wane baƙi ne?" Na kai ƙarfe ɗayan dare ina gyara.

Matsalar ta shafi abin da masu sana'ar ke kira "kerning" a Turance, wato daidaita tazarar da ke tsakanin haruffa biyu da ke maƙwabtaka. Don sauƙi, ana tara haruffa masu kama da juna a rukuni ɗaya a ba su lamba ɗaya. A nan ne Hausa ke shan wahala. Ta hagu, ɗ da d duk ɗaya ne, ciki ne zagayayye. Ta dama kuwa d a miƙe yake, ɗ ya leƙo da kai. Babban Ɗ da babban Ɓ kuma a hagu tasu ƙugiyar take. Wanda bai san wannan ba zai jefa su rukunin D da B ya wuce. Ga kuma alamar da muke sa wa 'y a Najeriya: rubuta 'ya'ya da manyan baƙaƙe a allon makaranta ka ga yadda take yin nisa kamar ba a cikin kalmar take ba.

Manhajar da nake amfani da ita tebur take nuna mini mai cike da ƙananan lambobi, a laftof ɗin da sai na matso da ido. Ni kalma nake son gani. Ina son in loda jerin kalmomi irin su kuɗi, faɗi, ƙwai, ɓauna da ɗinki, in gan su manya a layi ɗaya, in ja harafi da linzami, sauran kalmomin su gyaru a gabana. In haruffa biyu suka taɓa juna, manhajar ta nuna ja tun kafin in ɓarnatar da kati.

Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ba haruffanmu masu ƙugiya gurbinsu tun shekarun 1990, kuma font irin su Charis da Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL da Noto na Google duk suna da su. Amma waɗannan sun fi dacewa da littafi. Katin biki ado yake so, shi ya sa da yawa daga abokan sana'ata suka haƙura suna sa k da d da b zalla. Haka "ƙare" ke komawa "kare" a fosta, yara kuma suna karantawa suna ɗauka daidai ne. Wannan yana yi mini ciwo.

Kirana ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere shi ne su duba wannan fanni in za su zaɓi aikin kammala digiri. Manhajar ƙera haruffa ta FontForge kyauta ce, lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke a shafin intanet na GitHub, kuma tana karɓar umarni da yaren kwamfuta na Python. Ina da littafin da nake rubuta duk kalmar da ta taɓa ba ni matsala a wurin bugu. Duk wanda ya ɗauki aikin, ya nemi adireshina a wurin Edita, zan ba shi littafin, in kuma gwada masa abin da ya haɗa a kan injina.

Naku,
Wani mai aikin ɗab'i,
Jekadafari, Gombe.