Zuwa Ga Ɗana, Kafin Watan Layya Ya Kama

Jega, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ƙafar tata ta yi sauƙi har ta koma Islamiyyar matan aure da yamma. Kuɗin da ka turo sun iso hannun ƙanenka, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka. Saƙon da ya biyo bayan kuɗin, cewa bana ma ba za ku zo gida Babbar Sallah ba, shi ma ya iso. Ban amsa maka ta waya ba domin na san halina: idan na fara magana da baki muryata takan hau, kai kuma sai ka koma "to Baba, to Baba" har mu yi sallama ba wanda ya fahimci wani. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Rashin zuwanku ba shi ne damuwata ba. Na san nisan hanyar daga Abuja zuwa Kontagora, zuwa Yawuri da Koko kafin a iso nan, na san halin da take ciki, kuma na san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Ni da bakina na hana ka ɗauko yara tafiyar dare. Ku zauna inda kuke, Sallah tana karɓuwa a ko'ina.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Ƙanwarka ta dawo daga wurinku bayan Ƙaramar Sallah, kuma kada ka ga laifinta, domin ba ta kawo tsegumi ba, mahaifiyarku ce ta yi ta tambayarta yadda kuka yi bikin har maganar ta fito. Ta ce ranar idi kai kaɗai ka fita a mota, a gurguje, lokacin da liman ya kusa tayar da salla, yaran kuwa suna barci saboda sun raba dare wajen kallo da jiran ɗinki daga tela. Ta ce da rana aka yi musu ado aka tafi wurin wasan yara, a can La'asar ta wuce, Magariba ta wuce, sai da kuka koma gida aka haɗa su da Isha'i, kuma ba kowa ne ya yi ba. Ban so in gaskata ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, da ka miƙa wa mai sunana waya ya gaishe ni, na tambaye shi dalilin da ya sa ake yanka rago ranar Sallah. Ya ce mini don a ci nama a ɗauki hoto. Na ce to wane Annabi ne Allah Ya umarta ya yanka ɗansa? Ya yi shiru, sannan na ji ya juya yana tambayar uwarsa da Turanci. Shekararsa tara, kuma sunana yake ɗauke da shi.

Ba yaron nake zargi ba, abin da ya gani ya faɗa. Kai nake tambaya. Kana da shekarunsa ka san labarin Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il tun daga mafarkin har zuwa fansar, kana bin kabbarori a bayana tun daga ƙofar gida har filin idi, buzuna a kafaɗarka, ƙura ta rufe sabon takalminka. Yaya aka yi abin da aka ɗura maka tun kana ƙarami ya tsaya a kanka, ya kasa gangarawa zuwa ga ɗanka? Mu mutanen ƙasar Gwandu ne, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, kuma a can Gwandu hubbarensa yake. Yayansa, Shehu Usmanu, ya yi kakkausar magana a kan malaman da suke tara ɗalibai a waje suna karantar da su alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a cikin gida. Na ji ana yabonka da ba da gudummawa ga masallacin unguwarku, na kuma ji daɗi, amma Allah cewa Ya yi a cikin Suratut Tahrim ku kare kanku da iyalanku daga wuta. Da kai aka fara, sai iyali, kuma ba a wakilta malamin Islamiyya na Asabar da Lahadi a kan wannan.

Bari in faɗa maka tsorona a fili, tunda na haura saba'in kuma sa'o'ina da yawa sun riga ni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne ɗa nagari da zai yi masa addu'a. Tun ranar da muka binne kakanka ban yi sujadar da na manta da shi ba. Ina kyautata zaton kai ma za ka yi mini haka. To kai fa, wa zai yi maka? Idan yaron nan ya tashi yana ganin Sallah a matsayin ranar shadda da nama da hoto, to ranar da aka shimfiɗe ka a gaban liman zai tsaya a sahu yana waige-waige, bai san kabbara nawa ake yi wa gawa ba, bai san abin da ake faɗa a tsakaninsu ba. Wannan shi nake gani idan na rufe ido. Ba talauci nake ji muku tsoro ba, ba kuma nisan gari ba. Ina tsoron kada addu'ar da ta biyo gidanmu daga kaka da kakanni ta zo ta yanke a hannunka, ba don ka bar addini ba, sai don ka shagala, shekara tana bin shekara kana cewa yara ne, za su koya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san za ka tuna da ranar hawan Sallah da ka bi dawaki har Azahar ta kuɓuce maka, da abin da ya biyo baya a zaure. Na san har yanzu abin yana ranka, kuma ina jin shi ya sa ka yi wa kanka alkawarin ba za ka takura wa naka ba. Hannuna ya yi nauyi a ranar, ban musa ba, mahaifiyarka ma ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Amma ban yi don ƙiyayya ba, na yi ne da iyakar abin da na sani, kuma tun daga ranar ban sake jin salla ta wuce ka ba har ka bar gidan nan. Ba bulala nake ce maka ka ɗauka ba. Tsakanin duka da sakaci akwai fili mai faɗi, a nan nake so ka tsaya.

Akwai kuma wata magana da ta zo kunnena, idan ba gaskiya ba ce ka yafe mini. An ce bara sai da ka ci bashin masu ba da rance ta waya, da kuɗin ruwa a kai, domin ka sayi ragon da ba zai ba ka kunya a gaban maƙwabta ba. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, riba kuwa haramun ce a kan kowa, kuma Allah Ya faɗa a aya ta 37 ta Suratul Hajji cewa naman da jinin ba sa isa gare Shi, taƙawarku ce take isa. Ka tuna shekarar da albashi ya tsaya muka yi Sallah ba rago, ka ɓuya bayan rumbu kana kuka. Na wanke maka fuska, na riƙe hannunka muka tafi idi da tsohuwar riga, kuma kafin dare naman da maƙwabta suka aiko ya cika babbar tukunyar mahaifiyarka. Yaron da ya ga ubansa ya ci bashi domin girman rago, girman rago zai ɗauka shi ne addini.

Ga abin da nake roƙonka, kuma ba mai wuya ba ne. Idan Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata daga Sakkwato, ka tara su ka faɗa musu cewa an shiga kwanaki goman da aikin alheri ya fi soyuwa ga Allah a cikinsu. Ranar tara ga wata ka ɗauki azumin Arfa, wanda aka ce yana kankare zunubin shekarar da ta wuce da mai zuwa, ka tashe su su yi sahur tare da ku ko da za su sha ruwa da tsakar rana. A karɓo ɗinki da wuri, a kwanta da wuri. Da safe ka tafi da su idi, mazansu da matansu, ku ajiye mota nesa kaɗan ku taka da ƙafa kuna kabbara da murya, ku tafi ta wata hanya ku dawo ta wata. Kada ka yanka sai limaminku ya yanka nasa. Ka sa mai sunana ya riƙe igiyar ragon, ka ba shi labarin da ke cikin Suratus Saffat, musamman inda ɗan ya ce wa mahaifinsa ya aikata abin da aka umarce shi, zai same shi cikin masu haƙuri in Allah Ya so. Na san a birni ba za ku yi tareni irin namu ba, a jera raguna a jikin itace kewaye da wuta yara suna zagayawa har dare, amma hanta dai za ta gasu, da ita za ku karya, sannan ka ɗora masa kwano a ka ya kai wa maigadi da wanda bai yanka ba, da hannunsa.

Kabbarorin bayan salla kuma kada su wuce ku. A karatun da muka yi a zaure salloli 15 ne, daga Azahar ta ranar Sallah zuwa Asuba ta rana ta huɗu. Ka ja su jam'i a gida ko sau ɗaya a yini domin su ji daga bakinka. Ban hana ku fita ba. Annabi da kansa ya bar 'yan mata suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, ya kuma kira kwanakin da ke bin Sallah kwanakin ci da sha da ambaton Allah. Ku je wurin wasan, amma a saka darduma da buta a mota, idan lokaci ya yi ka tsayar da komai ka yi alwala suna kallo.

Kada ka juya wannan takarda a kan matarka. 'Yar mutunci ce, mun shaida, kuma duk inda ka sa gaba za ta bi. Ni ma ban rubuta don in ɓata maka rai ba. A cikin 'ya'yana kai ne ba ka taɓa barin mu mun nema ba, kuma ina faɗin haka a bayan idonka fiye da yadda nake faɗa a gabanka.

Mahaifiyarka ta haɗa muku kuka da daddawa da man shanu, ƙanenka zai ba direba ya kira ka idan motar ta tashi. Daren Arfa bayan Isha'i ka kira ni, ka ba mai sunana wayar. Zan sake yi masa tambayar nan, sannan ina so ya yi mini kabbarorin in ji.

Allah Ya yi muku albarka, Ya kai mu lafiya.

Mahaifinka.